Irin Shukan da Ke Bisa Murhu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki irin gaisuwar da nika yi maki kullum da safe, a durƙushe bakin ƙofa. Ƙaƙa kwanciyar ƙasa? Allah shi sa da sauƙi. Na san takardar ga ba ta isa gare ki. Ko kina da rai ma ba ki karatun boko, ni kuma aji fuɗu nit tsaya. Amma mata ba su zuwa maƙabarta, kuma maganar ga ta yi ma cikina nauyi.

Ni ta matar Autanki, wadda anka kawo daga Tambuwal bara bayan kaka. Na faɗi maki ko ni wa ta don kin saba tambayata kullum, ni kuma na saba faɗi.

Abin da zan gaya maki shi na wanga. Igiyar da anka ɗaure ki da ita wata ukku, ba laifinki ba na. Laifina na. Na yi shiru kina da rai, na yi shiru ranar da anka kai ki, na yi shiru har anka yi sadakar arba'in. Shekaranjiya nif faɗa ma Yaya Babba, babban ɗanki, ina sane da shina iya cewa a maida ni gidanmu. Ke ɗai kinka rage ban gaya ma ba.

Bari in fara ba ki labarin gida. An yanke gero, an gama ɗaurin dammuna. Matar Yaya ta dawo daga wankan jego da ɗiya mace, an sa mata sunanki, shi yas sa duk gidan ba mai iya kiranta sai dai a ce Mai Suna. Jar akuyarki ta haifi biyu. Taɓaryarki tana nan jingine ga bango. Matar Yaya ta gwada ta ranar nan, bugu shida tay yi ta aje tana riƙon kafaɗa.

Ni 'yar gari ta, Inna. Babana tela na bakin kasuwar Tambuwal. Gidanmu ba rumbu, ba gona. Da mudu akan sayo gero, a kai inji a niƙo. Ranar da za a kawo ni Fakku, gwaggona taz zaunar da ni tac ce uwar miji ba a kallon idonta, ba a cin abinci gabanta, ba a kama sunanta. Na riƙe duka. Amma ba wanda yag gaya mani uwar mijin ta riga ta manta tana da 'ya'ya.

Safiyar farko nij ji ƙasa na amsawa ƙarƙashin gadona. Nic ce mata biyu na ko ukku suna lugude. Da nil leƙo, sai nig ga tsohuwa guda, doguwa, furfura ta fito ta gefen kallabi. Kina jefa taɓarya sama, ki tafa hannu sau biyu, ki cafe ta, ki buga. Ban taɓa ganin haka ba. Nim manta ni amarya ta, nit tsaya baki buɗe.

Da kinka gan ni sai kinka kira ni Kulu, kinka ce ai tun ɗazu kina jirana. Daga baya anka gaya mani Kulu ƙawarki ta tun kuna 'yan mata a Jabo, kuma ta daɗe da rasuwa. Kinka kama wuyan hannuna kinka zaunar da ni bisa tabarma, kinka jawo ƙwaryar fura tsakaninmu, ludayi guda. Nir rufe fuska da mayafi. Nij ja hannuna, kamar wadda anka ɗaure ga itace. Matar Yaya tana bakin madafa tana dariya, tac ce amarya ki sha, in ba haka ba nan za ki wuni, ko Yayanku ba shi ƙwatar kanai. Nish sha. Kunyar da gwaggona tat tara mani duk ta zube ranar guda, cikin ƙwaryarki.

Tun daga nan nika kallonki ban gane ba. Ƙaƙa mutum zai manta sunan ɗan da yah haifa, amma bai manta yadda ake ɗaukar damin gero ba? In Yaya ya shigo gaishe ki, sai ki ja mayafi ki ce a kawo ma baƙo ruwa. Shi kuma shi karɓa shi sha, idonai ja. Kikan yi azahar sau ukku. Kikan tambaye ni ko Malam ya dawo daga gona, Malam mijinki da yar rasu tun Auta bai yi kaciya ba. Kin taɓa zuba gishiri cikin kunu, kinka ɗanɗana, kinka ce wane sakarai na yay yi wanga aiki.

Amma rijiyar bakin masallaci, wadda ni da matar Yaya muke haɗuwa mu ja guga, ke ɗai kike janta, kina yi kina hira. Turmin ƙirya da sai an mirgina shi, ke rungumarshi kike yi ki kai inuwa. Da Sallah ragon layya yaƙ ƙwace ma maza biyu, yab biyo ta cikin gida, kinka sa hannu guda kinka damƙe ƙahonai, kinka tambaya ragon wa na wanga marar tarbiyya. An ce kin haura saba'in. Ni ban kai ashirin ba, kuma in na yi daka ta rabin awa sai hannuna ya yi kanta.

Ke kinka koya mani daka, ko da ba ki san kina koya mani ba. In na fara, sai ki tsaya ki dube ni kamar kin ga abin tausai. Ki ce Kulu, wagga daka ta ko lallashi? Ki ƙwace taɓarya. A haka nig gane tsayuwar ƙafa, nig gane ba da hannu ɗai ake bugu ba, da baya na.

Abin da yad dami 'ya'yanki shi na fita. In ba ki da aikin yi, sai ki ɗaura mayafi ki ce za ki gida Jabo, Kulu ta taso a tafi. Ba mai iya tare ki a ƙofa. Sau guda kin ɓace tun hantsi. Anka bi gari, anka bi fadama. Dab da magariba wata Bafulatana tar riƙo hannunki, tac ce can bayan rugarsu sunka gan ki, kin ɗauko itace dami guda wanda ita ba ta iya ɗagawa. Ƙafarki duk ƙaya, amma ko nishi ba ki yi. Ranar Yaya yac ce in an sake haka, kulle ki zai yi, don ba shi iya jin an ce an tsinci uwarshi cikin rafi.

Auta yac ce a gwada asibiti tukuna. Munka hau mashin mu ukku zuwa Kebbe, ke tsakiya, ni baya ina riƙe da ke, ko da gaskiyar magana ke kike riƙe da mu. Malamin asibiti yat tambaye ki wace rana ta yau, kinka ce ranar Allah. Yat tambayi sunan mai tuƙa mashin, kinka ce ai shi zai tambaya, ga shi nan. Sai yam miƙo yatsunai biyu yac ce ki matsa. Inna, sai da yat tashi tsaye daga kujera. Yay yi dariya shina yarfe hannu. Yac ce mantuwar tsufa ta, ba ta da maganin da zai maida ki yadda kike da, amma ƙarfin nan shi na arzikinki. A bar ki ki yi aiki, ki yi tafiya, ki zauna cikin mutane, don in jiki ya zauna, abin da yar rage na hankali shi ma zaunawa zai yi. Da munka kawo ma Yaya maganar, yac ce malamin yaro na, bai san kunya ba. Ƙaƙa za a ce uwar mutum tana da surukai biyu kuma tana daka? Mi mutanen gari za su ce?

Ni dai na riƙe maganar malamin. Nil lura in akwai gero cikin turmi ba ki tuna Jabo. Sai nis samu dabarata. Da na ga kin fara neman mayafi, in zuba zangarniya a turmi in fara bugu irin na raggaye da gangan. Ba ki iya jurewa. Ki aje mayafin ki zo ki ƙwace. Wata biyar muna haka, ba ki fita ko sau guda ba. Har nif fara jin ni ma wata abu ta a gidan ga.

Sai ranar nan ta bazara. Matar Yaya ta tafi gidansu goyon ciki. Yaya da Auta sun yi sammako zuwa gaisuwar mutuwa wani ƙauye, sun manta ba su fidda dami daga rumbu ba. Kin san mace ba ta hawa rumbun gidan ga. Da hantsi nig ga kin ɗaura mayafi. Nid duba turmi, wayam. Nid duba buhu, ba ko tsaba. Kina ta cewa Kulu taso rana na yi. Ni ɗai ta cikin gida, kuma na san in kin kai ƙofa ba ni da ƙarfin maido ki, na san kuma abin da Yaya yac ce.

Nish shiga madafa ina dube-dube. Sai nig ga wani ɗan dami rataye can sama ga azara, daidai bisa murhu, hayaƙi ya maida shi baƙi ƙirin. Tun zuwana nika ganinai. Na ɗauka wani tsohon gero na da anka manta. Ban taɓa tambaya ba, don amarya mai yawan tambaya ba a sonta. Nik kifa ƙaramin turmi nih hau, nik kwanto shi.

Da nik kawo maki, kinka karɓa da hannu biyu kamar jinjiri. Kinka shafa zangarniya guda, kinka shinshina. Kinka dube ni cikin ido, kuma ranar ba ki ce Kulu ba. Kinka ce yarinya, wanga na shuka na, ba a dakanshi, maida shi inda kinka gan shi. Sau biyu kinka faɗi. Na ji ki sarai, ba wai ban ji ba.

Amma da safen nan kin ce mani Malam na zaure shina jiran kunu. Kin ce mani an yi ruwa jiya, alhali wata shida ba ɗigo. Sai nis sa wagga magana cikin waɗancan. Nic ce to Inna, to, irin yadda muke ce maki duka in kin yi magana. Nik karɓe shi daga hannunki niz zuba a turmi, nif fara buguna na raggaye. Kinka tsaya kina kallo. Na ga bakinki na motsi kamar akwai abin da kike son kamowa ya kuɓuce maki. Can sai kinka aje mayafi kinka ƙwace taɓarya.

Kin sussuke shi, kin sheƙe, kin surfa, kin daka. Nid dama fura. Da maza sunka dawo sunka sha, Yaya har yac ce ya daɗe bai sha fura mai ƙanshin wagga ba. Ni kuma ina ɗaki ina jin daɗi na tsare ki.

Bayan kwana ashirin hadari yaf fara haɗuwa gabas. Yaya yash shiga madafa da kanai, abin da bai taɓa yi ba. Yaf fito shina tambaya ina iri. Nan nif fara jin labarin da kowa ya sani ban da ni. Duk kaka akan bi gona a zaɓi zangarniyar da taf fi cika, a ɗaure ta daban, a rataye bisa murhu don hayaƙi shi kore ƙwari. Kuma wanga gero ba irin na kowa ba na. Ke kinka zo da shi daga Jabo cikin kayan aurenki, shekara da shekaru ke kike zaɓenai da hannunki. Mai saurin nuna, ko damina ta gajarta ba shi ba da kunya.

Yaya yad durƙusa gabanki yat tambaye ki ko ke kinka daka geron da ke madafa. Kinka yi dariya kinka ce duk abin da anka daka a gidan ga ke kinka daka shi, wa ke da hannun? Gaskiya kinka faɗi, kuma ita tak kama ki. Yaya yad dubi tsawon azara, yad dubi murhu. Yac ce yau ta taka turmi ta hau bisa wuta, gobe ciki za ta faɗa, ko ta ƙone gidan da mu duka.

Ina tsaye bakin madafa, muciya a hannuna. Auta ya dube ni sau guda, yat tambaya ko na ga lokacin da kinka hau. Nig girgiza kai. Shi ke nan abin da niy yi, girgiza kai. Na ji tsoro a ce amaryar gari ta cinye ma gida abincin shekara. Na ji tsoron fuskar babana in an sauke ni bakin shagonai da kayana. Nic ce a raina ai ke ba a korarki, uwa ta, faɗa ɗai za a yi a wuce. Ban san abin zai kai inda yak kai ba. Ko na sani nic ce ban sani ba? Wanga ni ma har yau ban rabe ba.

Sunka sa kwaɗo ga ƙofarki. Kafin la'asar kin cire ƙyauren da ƙusoshinai, kin jingine shi ga bango a hankali, kin fito kina neman tsintsiya. Sai Yaya yas sayo igiya. Ya naɗe ƙafarki da tsumma don kada ta ci ki, shina ɗaurewa shina ba ki haƙuri. Sunka kafa turke cikin ɗaki. Sau biyu kina tumɓuke shi, ki fito kina janai har gindin turmi. Allah shi gafarta mani, ranar farko sai da nij ji alfahari. Na ukku sunka ɗaura ga ginshiƙin ɗaki. Kin ja kwana fuɗu. Daga nan kinka zauna.

Ni nika kai maki abinci. Satin farko kina jawo ni mu ci tare. Kina cewa Kulu duba wani ya ɗaure ni kamar akuya, wa niy yi ma ɓarna? In ce ban sani ba, Inna. In ina daka a tsakar gida, ina hango hannuwanki bisa cinya suna tashi suna sauka tare da taɓaryata. Daga baya sunka daina. Kinka bar kirana Kulu, kinka bar tambayar Malam, kinka bar sallah ko sau guda. Mutanen gari suna cewa ai ciwon na yaƙ ƙaru, tun da har ta ci iri. Ni na san ba haka ba na. Kullum in ce gobe zan faɗa, gobe ta zo in ga abin ya ƙara girma.

Ana saura kwana biyu ki rasu, nis sa yatsuna biyu cikin tafinki yadda malamin asibiti yay yi, nic ce Inna matsa. Kin gwada, na ga jijiyar hannunki ta motsa. Ko ɗan tsako ba shi jin zafin wagga matsa. Inna, ina ƙarfin nan yat tafi cikin wata ukku? Wa yaɗ ɗauke shi in ba ni ba?

Kin cika ranar Alhamis da hantsi, ana yayyafi. Yaya da kanai yak kwance igiyar.

Bana irin kasuwar Kebbe anka shuka. Ya yi, ba laifi, amma ya makara, tsuntsu ya ci rabonai. Shekaranjiya Yaya yash shigo da sabon damin iri zai rataya. Wani maƙwabci na tare da shi, shina riƙe mai turmin da zai taka. Sai maƙwabcin yac ce, cikin wasa, to bana dai ba mai sauko da shi, Allah shi jiƙan tsohuwa, hankali in ya tafi ya tafi. Yaya bai yi dariya ba, amma bai musa ba.

Ban san lokacin da nif fito ba. Nid durƙusa tsakar gida, gaban maƙwabcin, gaban Auta, gaban matar Yaya. Ban taɓa yi ma Yaya magana wadda taw wuce gaisuwa ba. Nif faɗi duka. Nic ce ni nit taka turmi, ni nik kwanto, ni niz zuba. Nic ce Inna ta hana ni, ta ce na shuka na, sau biyu ta faɗi, ni niƙ ƙi ji.

Yaya na tsaye bisa turmin, damin na hannunai. Yas sauko bai rataya ba. Abin da yat tambaye ni guda na, wai da gaske kin gane irin? Nic ce kin gane shi tun ba ki gama shinshinawa ba. Sai yaz zauna ƙasa, nan cikin toka, babban mutum kamar shi. Can yac ce ni nik kwanto iri, amma igiya shi yas sayo ta da ƙafarshi, ba wanda ya aike shi. Yat tashi yaf fita. Auta ya ce maƙabarta yat tafi, bai dawo ba sai da anka kira la'asar.

Har yanzu bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Auta ma gaisuwa ɗai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinai ba. Kayana suna ƙulle a gefen gado. Duk wadda sunka yanke na karɓa.

Amma jiya da yau na tafi rijiya tun da safe, ban jira a aike ni ba. Duk matar da taz zo ɗiban ruwa sai na tsaida ta na gaya mata. Wasu sun zage ni, wasu sun ce in bar tone-tone tunda mai abin ta wuce. Ban bari ba. Ko an maida ni Tambuwal gobe, Fakku ta ji. Ba ki ci iri ba, Inna. Ranar nan mu biyu muke cikin gida, kuma ke ta mai hankalin.

Ki yafe mani in ana yafewa daga can. Allah shi jiƙanki, shi yalwata maki makwanci, shi sa kin huta. Na bar ki lafiya.

Surukarki,
Hadiza, matar Auta